Bidanjin babur a Tawa: yaushe ake yi, da wane mai, kuma ta yaya

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a bayan Keita na sayi babur ɗina na farko, mai girman inji 125, sabo dal a leda. Duk Juma'a da yamma in kamo hanyar Tawa, Lahadi da la'asar in koma. Iyakar sanina game da baƙin mai a lokacin shi ne, in na zaro sandar awo na ga ya yi ƙasa, sai in sayi rabin kwalba a bakin hanya in ƙara. Haka na yi ta yi har wata bakwai. Wata rana cikin Afrilu, rana tsaka, ina hawan wani tudu cikin duwatsun Adar da buhun hatsi a baya, sai injin ya soma ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarfinsa ya ragu, sannan ya yi tsit. Na taka kik, ko motsi bai yi ba, ya sandare kamar an yi masa walda. Amalanken jaki ce ta fitar da mu zuwa inda muka samu mota.

Wani dattijon makaniki a Tawa ne ya kwance notin ƙasa a gabana. Abin da ya tsiyayo bai cika ƙananan kofunan shayi uku ba, baƙi ƙirin, yana jan jiki kamar narkakkiyar kwalta. Ya lakato da yatsa ya murza, ya miƙo mini hannun in gani.

"Mushe, yaushe rabonka da bidanji?"

"Baba, ai ina ƙara mishi mai duk lokacin da ya rage."

"Ƙari daban, bidanji daban. Hurar da ta kwana uku ta lalace, in ka ƙara mata nono sabuwa take komawa?"

'Yan'uwanmu na Najeriya kada su tsorata da sunan, a nan malamin lakwal, wato makaranta, ake kira Mushe, kuma bidanji shi ne abin da suke ce wa juye. An canja fistan da zobbansa, an gyara silinda, kuɗin da na biya kuwa sun isa in yi bidanjin shekara biyu har a ba ni canji. Daga ranar na fara tambaya, ina karanta abin da aka rubuta a jikin galan da cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur, wanda yawancinmu muke jefarwa tare da ledar. Abin da na gano shi ne, lokacin bidanji ba a kalanda yake ba. Aikin da babur ke yi da irin ƙasar da yake takawa su ke yanke shi.

Abin da ke kashe mai da wuri a ƙasarmu

Mota tana ɗauke da lita huɗu ko biyar na mai a injinta, tana da matata ta takarda, tana da ruwan sanyaya inji, akwatin giyarta kuma da nasa man daban. Ƙaramin babur irin namu, Boxer ne ko Haojue ko Kasea ko TVS, 100 ne ko 110 ko 125 ko 150, abin da ke cikinsa lita guda ce, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Wannan litar ita ke shafa fistan, ita ke cikin giya, ita ke jiƙa kuloci, ita ce kuma ke kwashe zafi daga cikin inji. Haƙoran giya suna niƙa man har ya tsinke. Faifan kuloci suna zubar da ɗan garinsu a ciki. Yawancin waɗannan baburan ba su ma da matatar takarda, sai 'yar raga da ke tare manyan ɓarɓashi.

Sai zafi. Injin babur iska ke sanyaya shi, shi ya sa aka yi wa silinda waɗannan haƙarƙarin. To a Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Tawa, iskar da za ta sanyaya shi ita kanta kamar daga bakin tanda take fitowa. Mafi muni shi ne tafiya cikin yashi: kana giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na kuka, babur na rarrafe, iska ba ta bugunsa. Tafiya a irin wannan hanya ta fi gajiyar da baƙin mai nesa ba kusa ba a kan tafiya bisa kwalta.

Sai ƙura, ta hunturu da jar ƙurar hanyar burji. Duk wadda ta tsallake matatar iska, wani sashenta cikin mai yake ƙarewa, ya zama kamar yashin da mata ke goge gindin tukunya da shi. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a lura da ita, ta masu gajeruwar tafiya. Da sanyin asubar Janairu ka ja cok, ka je kasuwa ka kashe, ka je masallaci ka kashe. Ɗanyen esansi, wato fetur, yana silalewa ta gefen zobban fistan ya shiga mai, injin kuma bai daɗe da zafi ba balle ya ƙone shi. A hankali man ya tsinke, ya ɗauki warin esansi.

Littattafan kamfanoni da yawa suna ba da tazarar kilomita 3,000, wasu ma fiye. Ba ƙarya suka yi ba. Amma ka duba ƙasan shafin, za ka ga ɗan ƙaramin rubutu da ke cewa in ana tafiya cikin ƙura ko da kaya masu nauyi, a matso da lokacin. Mu a Adar cikin wannan ƙaramin rubutun muke zaune shekara duka.

To, bayan kilomita nawa?

Sabon babur da nasa hukuncin. Bidanjin farko a kilomita 500, kada ka ja shi. Ƙarafan cikin sabon inji suna goge juna kafin su daidaita, ɓarɓashinsu kuma cikin man yake taruwa. In ka karkata kwanon a rana za ka gan shi yana ƙyalli. Na biyu ka yi shi wajen kilomita 1,500. Injin da aka sauke aka sa masa sabon fistan shi ma sabo ne a wannan lissafi.

Bayan nan, ga yadda nake raba abin. Wannan shawarata ce, daga abin da na gani a kan babur ɗina da na abokai.

Ɗan kabu-kabu, da mai ɗauko buhunan albasa daga fadama, da mai bin kasuwannin ƙauye ta hanyar Buza ko Abalak, da duk wanda rabin tafiyarsa yashi ne da duwatsu: kilomita 1,000. Adadin zai yi maka kama da kaɗan, sai ka yi lissafi. Tawa zuwa Konni da dawowa ya kai kilomita 250 ko fiye, ka ga zuwa huɗu kawai ya cinye shi. Ɗan kabu-kabun da ke yin kilomita 80 zuwa 100 a yini, kwana goma zuwa sha biyu ke nan. Wanda ke cewa shi duk ƙarshen wata yake bidanji alhali aikinsa ke nan, ya ninka wa man wa'adinsa kusan sau uku.

Ma'aikacin da ke zirga-zirga cikin gari, daga gida zuwa wurin aiki, mafi yawa bisa kwalta, shi kaɗai ko da goyon mutum ɗaya: kilomita 1,500 zuwa 2,000. Mai doguwar tafiya bisa kwalta da ke zuba mai na gaske mai tsada, irin wanda ake rubuta Synthetic a jikinsa, yana iya kaiwa 3,000. Ni dai ban wuce nan, komai tsadar man, domin mai tsada zafi yake jurewa, ba ya hana ƙura shiga.

Wanda kuma babur ɗinsa ya fi zama a zaure, kada ya ce ai bai yi tafiya ba. Mai yana tsufa ko a zaune. Kada ya wuce wata shida a ciki. Abin da ya fi sauƙin tunawa shi ne a yi ɗaya a Maris kafin bazara ta kankama, ɗaya kuma a Satumba wajen ƙarshen damina.

Akwai lokaci guda da ba a duba kilomita ko kaɗan. In ka tsallaka kori da damina ruwa ya kai wa inji wuya, da ka isa ka zaro sandar awo. In man ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga. A zubar da shi a ranar, a zuba sabo, a yi 'yar tafiya, a sake dubawa. Wani lokaci sai an juye sau biyu kafin ya washe.

In kwantar ta mutu

Rabin baburan da ke yawo a garin nan kwantarsu, wato agogon ƙidayar kilomita, ta daɗe da tsayawa. Wayarta ba ta da tsada, gara a gyara. Amma kafin nan akwai dabara: ka ƙidaya esansin da kake sha. Ƙaramin babur da kaya yana yin kamar kilomita 40 da lita guda, ka ga lita 25 ta kai ka kilomita 1,000. Mai shan lita biyu a yini, kwana goma sha biyu ko sha uku. Mai shan uku, kwana takwas. A wurina wannan ƙidaya ta ma fi ta kwantar gaskiya, domin ranar da ka sha wahalar yashi esansi ya fi tafiya, lissafin sai ya matso da kansa.

Launi ba shaida ba ne

Mutane da yawa da ido suke yanke hukunci: ya yi baƙi, a juye, da sauran haskensa, a bari. Mai na gaske yana ɗauke da sinadarin wanke inji, shi ya sa yake yin duhu cikin 'yan kwanaki, dattin ne ya kwaso ya riƙe. Man da ya yi mako uku a tsohon inji yana nan garau, shi ne abin zargi, wataƙila ba ya wanke komai.

Yatsa da hanci sun fi ido. Ka ɗiga shi tsakanin babban yatsa da manuniya ka murza. In ka ji tsaki-tsaki, ƙura ce ko ƙarfe. In ya tsinke kamar ruwa, ya gaji. In yana warin esansi ko ƙauri, lokaci ya wuce. Ƙafarka ta hagu ma tana ba da labari: giya ta fara tauri, sai ka yi ta lalube kafin ka samu firi, kan inji ya ƙara surutu. Sai dai duk wanda ya jira waɗannan alamu ya riga ya makara kaɗan.

Wane mai za ka saya

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kyan galan da hoton babur mai gudu a jikinsa ba su ne abin dubawa ba. Juya bayansa ka nemi abu uku.

Na farko lambar kauri, irin 20W-50 ko 10W-40. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kaurinsa in ya kai zafin digiri 100. A zafinmu, ga babur mai aikin ƙarfi ko wanda ya fara tsufa, 20W-50 ya fi dacewa. Wasu sababbin injuna an ƙera su ne don mai marar kauri, irin 10W-30 ko 10W-40; in littafinka ya faɗi haka, bi littafin.

Na biyu, kuma shi aka fi mantawa, JASO MA ko MA2. Ma'auni ne na Japan da aka yi musamman don babur mai kuloci cikin mai. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan esansi. A mota alheri ne, a babur kuwa kuloci ce za ta fara zamewa: ka murɗa, inji ya yi ihu, babur bai ƙara gudu ba. JASO MB na baburan da ba a sa musu giya ne, masu tafiya da bel, kada ka zuba shi a mai giya. Na uku API, ma'aunin ingancin mai, da haruffa irin SJ, SL, SM ko SN. Duk wanda harafinsa na biyu ya fi nisa, ya fi sabunta. Haka kuma ka tabbata 4T aka rubuta. Mai 2T na tsofaffin baburan da ake gauraya musu mai da esansi ne, ƙonewa yake yi tare da shi, ba shi da wurin zama a cikin injin 4T.

Babbar matsalar kasuwarmu jabu ce. Akwai man awo da ake ɗurawa daga duro cikin kwalabe, ba ka san asalinsa ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Akwai kuma tsofaffin galan na kamfanonin kirki da ake tsincewa a sake cika su. Duba zoben murfi, ya kasance bai tsinke ba. Duba takardar almini da ke liƙe a baki. In farashin ya faɗi ƙasa da na ko'ina, araha ba ta ado. Ka samu shago ɗaya ko gidan mai ɗaya da ka yarda da shi ka riƙe. Matsakaicin mai na gaske da ake canjawa kan lokaci ya fi mai tsada da aka bari ya tsufa.

Wata 'yar gargaɗi ga mai sayen babur na hannu: in ka zaro sanda ka ga mai kauri kamar zuma, ka yi hattara. Wasu suna zuba man giyar mota don ya rufe bakin injin da ya gaji har a gama ciniki.

Yadda ake bidanjin da hannunka

Aikin bai kai rabin awa ba. Ka tanadi sabon mai, sifana mai zobe daidai da notinka, tsohon kwano, tsumma mai tsabta, mazurari, ɗan kananzir, da sabon zoben almini ko na jan ƙarfe da ke zama ƙarƙashin kan noti. Sifana mai buɗaɗɗen baki da filaya su ke cinye kan noti, ka bar su.

Zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe wanda iska ba ta kaɗawa. Ranar da ƙura ta taso, shiga zaure ko ka bari sai gobe. Tada injin ya yi minti uku zuwa biyar, domin mai ɗumi ya fi gudu kuma yana fitowa da dattin da ya kwanta. In daga doguwar tafiya ka dawo, ba shi kwata na awa ya huce. Man da ya fito daga hanyar Konni yana iya sale maka fata. Ka kashe, ka ɗora babur kan ƙafarsa ta tsakiya.

Kafin ka kwance komai, goge kewayen murfin sama da kewayen notin ƙasa. Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, alhali yashin da ya taru a bakin murfi jira yake a buɗe ya faɗa ciki. Sannan ka cire murfin sama don iska ta samu hanya, ka tura kwano ƙarƙashi.

A nan sai ka san irin injinka. Masu kwantacciyar silinda, irin 110 da mata da 'yan lakwal suka fi hawa, notinsu yana ƙarƙashin inji, yawanci na sifana lamba 17. Kusa da shi akwai wani ƙaramin noti a karkace, lamba 14. Wannan ba na mai ba ne, na abin da ke ɗaure sarƙar cikin inji ne, in ka kwance shi sifirin da ɗan ƙarfe za su faɗo maka cikin kwano. Masu tsayayyar silinda da yawa kuma, irin 125 da 150, suna da babban murfi lamba 24 a ƙasan gefen hagu. Bayansa akwai sifirin da 'yar raga mai kamar hular yatsa. Lura da yadda suka fito, ko ka ɗauki hotonsu da waya, don ka mayar da su yadda suke.

Sassauta da sifana kana juyawa ta hagu, ka ƙarasa da yatsu kana danna notin ciki, sai a zagayen ƙarshe ka janye hannu da sauri. Bar shi ya tsiyaye minti biyar zuwa goma. Karkata babur dama da hagu. Kana iya taka kik a hankali sau biyu ko uku, makulli a kashe, don ragowar ya sauko. Amma kada ka kuskura ka tada inji babu mai a ciki, ko na daƙiƙa biyar ne.

Kafin ka kawar da kwanon, karanta shi. In ka zuba kusan lita amma abin da ya fito bai fi rabi ba, injinka yana shan mai ko yana yoyo, sai a bincika. Ɗan ƙyalli mai laushi ba abin tashin hankali ba ne, musamman a sabon inji. Gutsattsarin ƙarfe da kake iya tsinta da yatsa kuwa, wannan maganar makaniki ce, kuma yau.

Wanke ragar da kananzir, ka bar ta ta bushe. Duba zoben roba na murfin, in ya tsage ko ya daskare a canja. Sa sabon zoben noti. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi ke hana ɗigon nan da ke ɓata tsakar gida. Ɗaura notin da yatsu tukuna har ya zauna. In ya yi tauri tun zagayen farko, ya hau karkace, warware ka sake. Sai a ƙarshe ka sa sifana ka ɗan ƙara matsewa da ƙarfin hannu ɗaya. Jikin injin almini ne, notin kuma ƙarfe, in aka yi gardama almini ne ke faɗuwa. Garin neman gira kada a rasa ido: na ga wanda ya taka sifana da ƙafa don kada mai ya ɗiga, ya ƙare da cinyayyen zare da babur kwance kwana uku.

Yanzu zubawa. A injuna da yawa an buga adadin a jiki kusa da murfi, 800 ml ko 900 ml ko 1000 ml. Kada ka juye galan duka don kawai ka biya kuɗinsa. Zuba ƙasa da adadin kaɗan, ka rufe, ka tada injin ya yi minti biyu ko uku yana aiki shi kaɗai, ba murɗawa. Kashe, jira minti biyu ko uku man ya sauko. Babur a miƙe, ba a jingine ba, ka zaro sanda ka goge, ka mayar ka ɗora ta bisa bakin ramin. A yawancin waɗannan baburan ba a ɗaura ta wajen awo, ɗorawa kawai ake yi. Man ya tsaya kusa da layin sama, bai haura shi ba. Mai tagar gilashi a gefen inji, tsakanin layukan biyu zai duba. In ya gaza ka ƙara kaɗan-kaɗan. Cikawa fiye da kima ba gata ba ne: man yana kumfa, ya tura ta bututun numfashi zuwa akwatin matatar iska, ya matsa wa robobin inji har su fara yoyo.

Leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗigo. Sannan ka rubuta kwanan wata da lambar kwantar. Ni a bayan murfin gefe nake rubutawa da alƙalamin da ba ya gogewa, wani abokina kuma saƙo yake tura wa kansa a WhatsApp. Ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce a nan, kullum ce maka take ai ba a daɗe ba.

In gareji za ka kai

Babu laifi, yawancinmu can muke kaiwa. Amma ka sayi manka da kanka, a fasa murfin a gabanka, kuma ka tsaya. Sau da yawa yaron gareji ake bar wa bidanji, shi kuma abin da ya ga ana yi yake yi. In ya ɗauko esansi ko gazuwal, wato dizal, zai ɗura a inji wai wanki, ka ce masa, "Ƙanena, bar shi haka nan." Ragowarsu tana zama ciki ta tsinka sabon man tun ranar farko. In injin ya yi datti sosai, maganinsa a matso da bidanji biyu kusa da juna. Haka in ya jawo tiyon iskar faci zai hura ciki: iskar nan tana ɗauke da laima da ƙura, ɗan cokalin man da za ta fitar bai kai ɓarnarta ba. In an gama, ka tafi da galan ɗinka ko ka huda gindinsa, don kada gobe a sayar maka da shi cike da wani abin.

Bidanji ba tare da duba matatar iska ba rabin aiki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙurar da ke cikin man ta nan ta bi. Ta soso ana wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata ɗan sabon mai a matse har ya bi jikinta ba ya ɗiga. Ta takarda ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, kakkaɓewa ake yi, in ta toshe a canja. Da hunturu ka duba ta duk mako. Wadda ta yage, ko akwatin da murfinsa bai rufe ruf ba, sun fi tsohon mai saurin kashe inji. Akwai kuma wata matata mai juyawa a bayan murfin kuloci a yawancin waɗannan injuna, wadda ke tara datti kamar laka. Wannan aikin makaniki ne, wajen kowane kilomita 10,000 zuwa 12,000, kuma sai ka tuna masa, don ba kasafai ake buɗe ta ba.

Tsakanin bidanji da bidanji, ka riƙa zaro sandar. Ɗan kabu-kabu kowace safiya kafin fita, saura kuma ko sau ɗaya a mako da kafin kowace doguwar tafiya. Injin da lita guda ce duk dukiyarsa, in ya rasa kofi ɗaya ya rasa da yawa. In ya rage ka cika da irin man da ke ciki, ba tare da ka ɗaga ranar bidanji ba. In kana ƙari kullum kuma salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, zobban fistan ne ko robobin bawul suka gaji, canjin mai ba zai warkar da su ba. Baƙin hayaƙi kuwa esansi ne ya yi yawa, a duba karbireto da matatar iska.

Saura tsohon man da ke cikin kwano. Kada a zubar da shi a tsakar gida, ko a kwata, ko kusa da rijiya. Wanda ya san zurfin rijiyoyin Adar da wahalar da ake sha kafin a kai ga ruwa ba ya buƙatar dogon bayani. Kada a shafa shi a gyambon jaki ko ƙazuwar raƙumi kamar yadda wasu ke yi, yana ɗauke da gubar ƙarafa da ta ƙonannen esansi, dabbar kuma lasa take yi. Kai ma ka wanke hannu da sabulu da ka gama. A sarƙa ma ban so shi ba, yashi yake kamawa. Ka ɗura shi a bido mai murfi ka kai gareji, suna tarawa. Kafin ka kai, ajiye shi sama inda hannun yara ba ya isa, kuma ba cikin kwalbar lemo ba.